Ashe Masoyina Ne Kasuwar Tawa

 Na daɗe ina son ba ku wannan labari, kunya ce take hana ni, domin a cikinsa akwai wautata, akwai kuma ta wanda nake zaune a gidansa yanzu. Sai da na nemi izininsa tukuna, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce in rubuta amma kada in kama suna. To dama wace mara kunya ce za ta kama sunan mijinta a mujalla?

Ni haifaffiyar Dukawuya ce a cikin birnin Kano. Gidanmu irin tsohon gidan ƙasar nan ne mai soro biyu, in kin hau saman ɗakin Hajiya kakarmu kina hango Goron Dutse, in kuma kin fita ta ƙofar ganuwa kin faɗa titin da zai kai ki Kabuga ko tsohuwar jami'ar Bayero. Mahaifinmu Allah ya yi masa rasuwa ina aji biyu a sakandare, Umma ce ta riƙe mu mu biyar da ɗinkin hula da 'yan adashinta. Abin da ta mallaka mai daraja a duniya bai wuce ɗan kunnenta na gwal ba, wanda Abbanmu ya sayo mata shekarar da ya sauke farali. Ba ta sa shi sai ranar sallah ko biki, sauran ranaku yana ƙulle cikin wani farin ƙyalle a ƙasan adaka.

Da na gama sakandare a 2021 babu halin wucewa gaba. Ina zaune a gida, ba ni da aiki sai riƙe waya ina kallon hotunan kek a Instagram, irin masu hawa uku-ukun nan da furanni da matan Abuja suke sakawa. Sai zuciyata ta raya mini cewa ai ga hanyar arziki nan a fili. Na tasa Umma a gaba da magiya safe da yamma. Lissafin nawa a baki daɗi gare shi: ga jami'a a bayanmu cike da 'yan mata, kowacce tana da ranar haihuwa, kowacce tana da ƙawaye, ko mutum ashirin suka saya a rana ai mun warke. Ban tambayi ko mutum ɗaya daga cikin 'yan matan nan ba ko tana bukata. Ni da zuciyata muka yi shawara, mu muka yanke.

Wata ranar Laraba Umma ta yafa mayafi ta fita ba ta ce da kowa komai ba. Da la'asar ta dawo ta kira ni ɗaki, ta zube mini naira 180,000 a kan tabarma. Ina ɗaga kai na hango farin ƙyallen nan a kan gado, a warware, babu komai a ciki. Gabana ya faɗi ras! Ta ce, "Ungo, Allah ya sa albarka. Amma ki sani ba ni da wani a bayansa."

Na yi kos na wata uku, na fito da satifiket mai zanen fure. Na sayi obin mai gas, da gwangwanaye, da injin buga ƙwai, da ɗan sikeli na awon fulawa, na buga sitika mai sunana. A watan Janairun 2022 na buɗe kasuwa, ranar har alawa na raba wa yaran lungunmu.

Ba a yi wata biyu ba malaman jami'o'i suka tafi yajin aiki, ranar 14 ga Fabrairu, ba su dawo ba sai watan Oktoba, wata takwas cur. A cikin Fabrairun dai yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren, ƙasashen da suke cika kasuwar duniya da alkama, sai ga shi duk zuwan da zan yi kasuwar Singa sai na tarar fulawa ta ƙara kuɗi. Ga zafin bazara, ga ɗauke wuta, in yi ado a kan kek da safe, kafin azahar ya narke ya zama kamar kunu. Kowa ya ce mini ya kasuwa sai in ce, "Alhamdu lillahi, yajin aikin nan ne kawai ya tsayar da mu." Wallahi har cikin raina haka na ɗauka. Kuma abin da daɗi mutum ya sami wanda zai ɗora wa laifi, barci ma ya fi zuwa.

Abin da ya riƙe ni a lokacin wasu yara ne guda biyu. Kullum bayan la'asar sai sun yi sallama, su sayi ƙananan kek takwas ko goma, kuɗi a hannu, ba ragi ba bashi. Na tambaye su wa yake aiko su, suka ce wani Alhaji ne a Kabuga, iyalinsa ba sa cin na kowa sai nawa. Ke zo ki ga kaina yadda ya kumbura! Duk ranar da kwantai ya ishe ni, sai in tuna Alhajin Kabuga in ce ai mai abin kirki ba ya rasa masoya, saura ma suna tafe.

Da na ga kek shi kaɗai ba ya tafiya, maimakon in tsaya in tambayi dalili sai na shiga ƙare-ƙare. Na ƙara donat, na ƙara cincin, na ƙara samosa. Kowanne da kayan haɗinsa, kowanne da kwantansa, jari yana ta tsiyaya kamar tulu mai huda. Samosar ce ma take ɗan motsi. Da yake ba ni da kuɗin sayen miyar kwalba irin ta kanti, sai in shiga ɗakin Hajiya in ɗebo yajinta na daddawa a wani tsohon gwangwanin madara, in ƙulla kaɗan a leda in jefa wa mai saye a matsayin gyara.

Wata rana wata yarinya ta shigo da naira ɗari ta ce, "Wai in ji Mamanmu a ba ta yaji, ban da samosa." Raina ya ɓaci. Na ce, "Je ki ce mata nan ba gidan mai yaji ba ne." Ni da na yi kos, ni da nake da satifiket da sitika, a mayar da ni mai yaji? Hajiya tana zaune a bakin ƙofarta tana jan carbi, ta dube ni ta kawar da kai, ba ta ce uffan ba. Bayan wannan an sake aiko wa ya fi a ƙirga, wata ma daga Gwale, duk na kore su.

Oktoba ta zo, ɗalibai suka dawo. Na ce to yau ga ranar da nake jira. Na shirya kek a kwali na bai wa wata ƙawata da take karatu a can ta shiga da shi ɗakunan kwanan 'yan mata. Kwana uku tana dawo mini da fiye da rabi. Ta ce, "Ke, a cikin ɗaliban ma akwai masu yi, a bakin ƙofa ma akwai kanti, kuma nasu da sanyinsa daga firij." A ranar ya kamata in farka. Uzurin da na rataya a wuya wata takwas ya tafi, kasuwa ba ta zo ba. Wadda za ta ci kek ɗin naira 200 tana da shi a bakin ɗakinta. Wadda za ta yi odar na naira dubu ashirin ba za ta ratso lungunan Dukawuya tana tsallake kwata ba. Yaran unguwarmu kuwa da suke riƙe da naira ashirin ko hamsin, awara suke so da ɗan wake da gullisuwa, abin da zai riƙe ciki ko ya daɗe a baki. Amma duk da haka na ce ai ga Alhajin Kabuga.

A lokacin an riga an kawo kuɗin gaisuwata. Mutumin nawa malamin firamare ne, dogo, mai sanyin hali, irin mutanen da in suna magana sai kin kasa kunne. Ranar wani suna a danginsu aka ce ya kamata in leƙa, na ci ado na tafi da ƙawata, ina ta sunkuyar da kai irin na surukai. Autarsu, 'yar shekara tara mai surutu kamar aku, ta zo ta zauna a jikina tana wasa da zobena. Can sai ta ce, "Anti, dan Allah ki daina yin kek ɗin nan haka."

Na ce, "Saboda me?"

Ta ce, "Wallahi mun gaji. Kullum Yaya sai ya shigo da leda, ya ce sai mun cinye. Inna ta ce haƙorinta ciwo yake. Almajiran gidanmu ma yanzu in an ba su sai su ce babu tuwo? Jiya akuya aka bai wa."

Ƙawata ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ashe babu wani Alhaji a Kabuga. Ɗalibansa ne yake aikowa, daga ɗan albashin da bai taka kara ya karya ba, wata tara yana saye yana ɗura wa mutanen gidansu.

Da daddare ya zo zance kamar yadda ya saba. Na fito soro na zauna nesa da shi, ko gaisuwar kirki ban yi ba. Ya ce, "Lafiya kuwa ranki ya daɗe?" Na ce, "Ina gaisuwa wajen Alhajin Kabuga, da akuyarsa." Ya yi shiru, ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Can cikin sanyin murya ya ce, "Ranar da na fara, na zo na tarar kin yi kuka ne saboda kwantai. Na ga in an saya kina farin ciki. Ban san yadda zan daina ba."

Hawaye suka zubo mini. Na ce, "Da ka bar ni na yi kukan wata ɗaya, da tuni na san gaskiya tun da sauran kuɗin Umma a hannuna. Yanzu ka sa na yi dariyar wata tara a kan ƙarya." Na tashi na shige gida na bar shi a zaune. Na san na yi masa tsauri, don wallahi so ne ya sa shi, kuma ko a lokacin wani ɓangare na zuciyata narkewa yake yi. Amma ku ji ni da kyau ƙannena, cinikin masoyi da na dangi ba shi ne kasuwa ba. Gwaggonki za ta saya don kada ki ji kunya, ƙawarki za ta ce ya yi daɗi ko da gishiri kika zuba a madadin sukari.

Daren nan ban runtsa ba. Na kunna fitilar waya na ɗauko littafin da nake rubuta ciniki, abin kirki ɗaya da malamar kos ta dasa mini ke nan. Na bi shi layi-layi da jan biro, ina soke duk wanda ya saya don ni ce: 'yan uwa, ƙawaye, maƙwabtan da Umma take musu zubin adashi, da yaran nan biyu. Da na gama, baƙin da suka sayi kek don kek ɗin kansa ba su cika tafin hannu biyu ba, wadda ta sake dawowa a cikinsu mutum ɗaya ce tak. Na lissafa gas da kuɗin adaidaita sahu da kwantai, abubuwan da da can ba na sa su a lissafi, sai na ga ashe kowane kek da na sayar biyan mai saye nake yi ya ci. Abin da ya rage na kuɗin ɗan kunne naira 23,000 ne, sai obin da tarkacensa.

Da safe na tafi Kurmi wajen Baffa, ƙanin mahaifina, wanda ya fi shekara talatin yana zaune a rumfa ɗaya. Na zayyana masa komai ina share hawaye, na ƙare da cewa, "Amma Baffa ai an ce mahaƙurci mawadaci, ko in ƙara haƙuri?"

Ya gyara zama ya ce, "'Yata, in kasuwa ta yi sanyi ana haƙuri da ita, don masu saye suna nan, kuɗi ne babu. Amma in hajar ce ba a so, ko shekara goma kika yi zaman banza kike. Bari in tambaye ki. Wa ya taɓa dawowa da ƙafarsa ba ki kira shi ba? Wa ya taɓa ɓata rai don ya zo ya tarar babu?"

Na buɗe baki zan ce babu kowa, sai yarinyar nan mai naira ɗari ta faɗo mini a rai, da matar Gwale da ta aiko sau uku, ta ukun har da saƙon cewa wulaƙanci ba shi da kyau. Na ce, "Sai dai masu neman yajin Hajiya." Baffa ya tuntsire da dariya har maƙwabcin rumfarsa ya leƙo. Ya ce, "Kasuwa ta biyo ki har gida tana sallama, kin ce ba kya nan!"

A nan ya ba ni labarin da ban taɓa ji a makaranta ba, daga baya na bincika na tarar haka yake. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, kuma babban burin Turawa a lokacin auduga ce, su kwasa su kai masaƙun Ingila. Sai suka tarar masaƙan Kano suna sayen audugar da daraja fiye da yadda su za su biya, manoma kuma suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi. Jirgin da aka yi wa tanadin auduga sai ya koma jigilar gyaɗa, har aka wayi gari Kano ta yi suna a duniya da dalar gyaɗa. Alhasan Ɗantata, mutumin Bebeji, da fataucin goro ya fara daga Gwanja. Da ya ga inda kasuwa ta karkata, ya shiga sayen gyaɗa, kamfanin Turawa na Neja ya neme shi a 1918, kafin rasuwarsa a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma. Baffa ya ce, "Amma lura, bai zubar da abin da ya koya a goro ba. Yaransa na fatauci, da amanar da ke tsakaninsa da mutanen ƙauye, da sanin awo da lissafi, da su ya shiga gyaɗa. Haja ya sauya, bai sauya hannu ba. In kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, amma ai da ƙafafun jiya ake takawa."

Ƙanina mai bi mini, wanda ba ya rabo da karance-karance, da ya ji labarin sai ya ce ai a Amurka ma an yi mai irin wautata, sai dai shi bai kori kowa ba. Wani ne William Wrigley, ya je birnin Chicago a 1891 yana tallan sabulu, yana ba da hodar tashin fulawa a matsayin gyara. Ya ga an fi son hodar, ya koma sayar da ita yana ba da cingam gyara. Ya sake ganin cingam ɗin ake bi, ya rungume shi, har yau sunansa yana jikin cingam a kantunan duniya. Ya ce ko Instagram ɗin da ya ruɗe ni, da farko wata manhaja ce mai suna Burbn mai tarkace da yawa, masu ita suka lura mutane hoto kawai suke sakawa, suka watsar da saura a 2010 suka riƙe hoton, bayan shekara biyu Facebook ya saye ta dala biliyan ɗaya. Na ce oh ni, ashe ma gidan da na ga kek ɗin su ma yaji suka koma.

Kada dai wata ta ji wannan ta ce daga yau duk sana'ar da ta yi sati biyu ba ciniki sai ta watsar. Ina da wata ƙawa, wannan watan atamfa, wata mai zuwa turaren wuta, na gaba takalma, ba ta taɓa zama har mai saye ya san ƙofar gidansu ba, jarin ya narke a kuɗin mota. Ga kuma maƙwabciyarmu mai awara, tun ina firamare take suya a wuri ɗaya, waken suya ya yi tsada ya yi araha tana nan, domin ko yaushe kika leƙa akwai yara a tsaye da kwano. Ita haƙuri ya kama ta. Ni abin da na kira haƙuri kunya ce kawai, kada a ce 'yar wance ta kasa.

Abin da ya fi mini wuya duk cikin lamarin shi ne durƙusawa gaban mutum biyu. Na fara da Umma. Na ajiye littafin a gabanta na faɗa mata abin da ya rage. Ta daɗe tana kallon ɗinkin hular da ke hannunta, sannan ta ce, "Na sani tun watan azumi. Ina ganin abin da kike bai wa almajirai da daddare. Jira nake ki faɗa da bakinki." Ba ta yi faɗa ba, kuma wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Sannan na shiga ɗakin Hajiya na ce ta koya mini yaji. Ta ce, "Au, gidan ya zama na mai yaji ke nan?" Sai da ta ja mini rai kwana biyu, na sayo mata goro fari na naira ɗari biyu, sannan ta sauko.

Wannan karon ban yi gaggawa ba, tsoro ya koya mini hankali. Ban sayar da obin ba, ban buga sabuwar sitika ba, ban yi shela a waya ba. Naira 7,000 kawai na cire. Muka sayo barkono da citta da kanumfari da masoro da kimba da tafarnuwa da daddawa, muka shanya a saman ɗaki, lokacin sanyi ne na Disamba, iska a bushe. Hajiya ba ta san awo ba, da hannu take ɗiba, in na ce nawa za a zuba sai ta ce, "Daidai misali." To a nan kos ɗina ya yi rana. Duk abin da ta ɗebo sai in tare hannunta in juye a sikelin kek in rubuta, tana mita tana cewa na mayar da ita asibiti. Sau uku muna dakawa kafin ta ɗanɗana na awon ta ce, "To, wannan nawa ne." Ɗanɗanon da yake hannun tsohuwa shekara hamsin ya koma takarda, ko ba ta kusa zai fito iri ɗaya.

Na cika ƙananan robobi ashirin, na kai wa wata mai kitso a Gwale wadda matan da suke zuwa wurinta ba su san ni ba, na ce ta ajiye a gefenta, kowace roba tana da ladanta. Na gindaya wa kaina sharaɗi na rubuta a littafi don kada zuciya ta sake yaudarata: in sati biyu ya cika rabi bai tafi ba, ko kuma babu wadda ta dawo neman na biyu, na haƙura, in mayar wa Umma abin da ya rage. Na kuma aika wa mutumin nawa, wanda har lokacin gaisuwa kawai ke haɗa mu, cewa in na ji ƙamshin yajin nan a gidansu to ya nemi wata. Kwana biyar mai kitso ta kira ni ta ce, "Ke 'yar nan, ina sauran? Wata ma uku take so za ta aika wa 'yarta Kaduna."

Daga nan ne na fara fahimtar abin da na tsallake a baya. Yaji ba ya neman firij, ba ruwansa da ɗauke wuta, in bai tafi yau ba yana nan wata mai zuwa. Kowane gida a Kano ana cin sa, mai kuɗi da talaka, a shinkafa da wake, a ɗan wake, a dambu, a tuwon da ya kwana. Ga kuma haihuwa: ba a yi wa mai jego hidima babu yaji, da can mata ake tarawa a yi dakan yaji kafin suna, yanzu kuwa kowa tana wajen aiki ko makaranta, turmin ma ba kowane gida ke da shi ba. Odar yajin jego ta farko da na samu bokiti guda ce, ribarta ta fi ta wata biyu na kek. Da canjin kuɗi ya zo a farkon 2023, takardar naira ta yi wuyar gani a watan Fabrairu, mutane suna kwana a layin banki, ciniki ya tsaya mini cak kamar kowa. Amma ko roba ɗaya ban zubar ba, suna jere a kan kanta har kuɗi suka dawo hannun mutane. Na tuna da a ce kek ne, da akuyar surukaina ta yi ƙiba. Wannan shi ne sanyin kasuwar da Baffa yake nufi, kuma na yi haƙuri da shi ban ji ko ɗar ba.

Ba wai daga nan komai ya tafi sumul ba ne. Damina ta farko danshi ya shiga mini roba talatin suka dunƙule, sai da na koyi soya daddawa ta bushe ƙayau da liƙe bakin roba. Na taɓa kai niƙa inji aka haɗa mini da ragowar wani abu mai ɗaci, na yi asarar kwano huɗu, tun daga ranar nake biyan kuɗin wanke inji kafin a zuba nawa. Da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kuɗin aike ya ninka, dole na daina kai roba ɗaya-ɗaya na koma ajiyewa wurin masu kitso da masu kanti. Manyan kantuna kuma ba sa karɓar kayan ci sai da lambar NAFDAC, wannan ma wani karatu ne na daban. Maƙwabta kuwa ranar daka sai atishawa ta ko'ina, har wata tsohuwa ta ce za ta kai ƙarata wurin mai unguwa, na rufe bakinta da roba guda. Obin na sayar da shi ƙasa da rabin kuɗinsa, ranar da aka zo ɗauka na shiga ɗaki na yi ɗan kukana. Sikelin dai yana nan, da littafin, da iya ɗaukar hoto da liƙa sitika. Yanzu mata biyu ne suke taya ni daka a tsakar gidanmu na Dukawuya, Hajiya tana zaune a kan kujera 'yar tsugune tana ba da umarni, ladanta goro da turare duk Juma'a.

Shi kuwa mutumin, sai da ya yi sati uku yana zuwa soro yana komawa kafin na huce. An ɗaura mana aure bayan babbar sallah ta 2023. Ranar da aka kai ni, autar nan ta leƙo ƙarƙashin mayafina ta ce, "Anti, ba dai da kek kika zo ba ko?" Har yau in yajin gidanmu ya ƙare sai dai in ɗebo masa kyauta, na hana shi saye ko da na naira hamsin ne, kada ya ɓata mini lissafi.

Tun ranar da Umma ta sayar da ɗan kunnenta ba ta sake sa wani ba. Tsinken tsintsiya ta karya ta zura a hudar don kada ta toshe, haka take zuwa biki da suna, in an yi magana ta ce na zamani ƙaiƙayi suke sa ta. Na shiga adashi saboda shi, na kwasa a 2025, na ce ta shirya mu je wurin masu gwal. Ashe kafin nan gwal ya yi tashin gwauron zabo, naira kuma ta faɗi. Mai shagon ya ɗora irin nata na da a sikeli ya faɗi kuɗin, na ji jiri yana ɗibata, abin da na tara ko rabinsa bai kai ba. Na tsaya ina ƙifta ido kada hawaye su zubo a gaban mutane. Umma ta nuna wani ɗan ƙarami mai kamar ƙwayar gero a gefen gilashi ta ce, "Miƙo mini wancan. Dama na da ɗin nauyi gare shi, ja mini kunne yake." Na san ba gaskiya ba ne, ita ma ta san na sani. A nan cikin shagon ta zare tsinken ta yar, na sa mata da hannuna.

Muna cikin adaidaita sahu a hanyar komawa, ta taɓa kunnen ta sake taɓawa, sai ta leƙa waje ta ga gabas ta yi baƙi. Ta ce, "Ke, ba barkono kika bari a saman ɗaki ba?" Na dafe ƙirji na ce, "Kwano shida, Umma!" Ta buga bayan kujerar direba ta ce, "Ɗan nan, taka da sauri dan Allah, ka bi ta Kabuga, hadari ya taso."